Inda Ya Cire Takalmansa

Jikata ce ta kawo masu fim shagona. Su kuma suka je suka nemo ƙarshen wani littafi, suka ce sai sun karanta mini shi a gaban kyamara. Ban aike su ba.

Ni mai katifa ne, ta auduga, ba ta soso ba. Ina buga auduga da sanda har ta tashi, in ɗura a cikin yadi, in ɗinke baki, in bi da basilla ina ɗaurewa wuri-wuri don kada ta taru gefe guda. Da can sai mutum ya jira kafin in karɓi aikinsa. Yanzu matashin kai ake kawo mini in ƙara wa ciki, shi ma ba kullum ba. Shagon ɗaki ɗaya ne da taga ɗaya, da fanka mai ƙara a sama. Maƙwabcina na dama mai walda ne. Na hagu ya rufe ya tafi.

Ranar da suka fara zuwa ina farke bakin wata tsohuwar katifa. Jikata ta shigo gaba. 'Yar babban ɗana ce. Ta gama makaranta ta zauna gida har ta gaji, sannan ta samu aiki wajen masu fim, ita ke nemo musu mutanen da za su gani. Tabarau nake ce mata, don tun tana ƙarama take sa shi.

Ta ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, na kawo maka baƙi."

"Katifa suke so?"

"Kai suke so."

"Ni ba na sayarwa ba ne."

Mutum biyu ne a bayanta. Ɗaya siriri, idonsa ja kamar wanda ya kwana a mota, shi suke kira Darakta. Ɗayan dogo, yana rungume da kyamara, sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Darakta ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Shi ya sa na ba shi kujera.

Ya ce, "Baba, fim muke yi a kan son karatu, da littattafan labari da aka manta da su. Ba na wasa ba ne. Mutum zai zauna ya faɗi abin da ya sani, mu ɗauka."

Na ce, "Kun yi ɓatan kai. Aji biyu na yi aka cire ni aka ba ni basilla. Shafi ɗaya yakan ci mini lokacin rabin katifa."

"Mai Haya ne ya turo mu. Ya ce akwai wani littafi, Mai Wutar Jirgi, wanda muka neme shi ko'ina ba mu samu ba. Ya ce yana wajenka, kuma ka san shi da ka."

Mai Haya tsohon abokina ne. Shagonsa na ƙarshen layinmu, inda yake ba da hayar littattafai a da. Ɗansa ya mai da shagon wurin cajin waya. Shi kuma idonsa ya tafi, bakinsa dai bai tafi ba.

Na so in kore su. Na dubi Tabarau na ga yadda take murza yatsunta. Aikinta na farko ke nan. Na ce su dawo gobe.

Littafin na uwar 'ya'yana ne, Allah ya jiƙanta. Ita ce mai karatun gidanmu. In ta gama aikin gida sai ta ɗauko littafi ta zo shago, ta zauna a kan katifar da na gama, ta miƙe ƙafa, tana karantawa da ƙarfi ni kuma ina ɗinki. Ɗinkin katifa ba shi da ƙara, kunne zaune yake ba aiki. Haka muka cinye littattafan Mai Haya, wasu sau biyu. Wata rana ya ba ta wannan kyauta, don ba ya hayuwa. Bangonsa ya cire, takardun ƙarshe sun zube, ba wanda ya san inda suka yi. Ni na yanko yadin katifa mai ratsi na yi masa bango, na ɗinke gindinsa da zare mai kauri.

Labarin wani mutum ne mai zuba wa jirgin ƙasa kwal. Ya bar matarsa ya tafi aiki nesa, da alkawarin zai dawo kafin damina. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa. Da ya juyo gida a ƙarshe, ya tarar ambaliya ta cinye gadar garinsu. Yana wannan gaɓa, matarsa na waccan. Layin ƙarshe na takardar cewa ya yi, "Ya cire takalmansa, ya", sai takarda ta ƙare.

Ita ba ta tsayawa a nan. Takan riƙe littafin a gaban fuskarta, idonta na tafiya kamar mai bin layi, ta ci gaba. In muna zaman lafiya, mutumin ya faɗa ruwa ya yi iyo, matar ta jefa masa igiyar guga. In na ɓata mata rai da safe, ya nutse kafin ya kai tsakiya, kuma ba a ga gawarsa ba. Shekarar da na hana ta zuwa wajen ƙanwarta, ya haye lafiya ya tarar matar ta auri mai kwalekwale, har da goyo. Lokacin da ƙaramin ɗanmu ke kwance asibiti, wani baƙo ya zo da jirgin ruwa ya haye da mutumin bai tambaye shi komai ba. Ban taɓa ce mata jiya ba haka kika ce ba. Ita ma ba ta taɓa ce mini komai ba. In na ji mutumin ya fara shan ruwa, na san akwai abin da zan gyara a gida.

Ban gaya wa masu fim wannan ba. Ba su tambaya ba.

Washegari suka cika shagon da waya da fitilu. Dogo ya ce a kashe fanka, tana shiga magana. Aka kashe. Darakta ya ce in cire rigar da na sa in sa ta aiki, mai auduga a jiki. Na sa mai kyau ne dominsu, amma na cire. Suka manna mini wani ɗan abu a wuyan riga. Suka sa ni in shigo shagon, na shigo. Suka ce in koma in sake shigowa, na sake. Na uku na ce, "Shekara nawa ina shiga ɗakin nan ban taɓa ɓata hanya ba."

Dogo ya ce, "Haske ne ya gudu, Baba."

"To ku bi shi, ni ku bar ni."

Suka ba ni littafin in riƙe. Na ce ni ba haka nake jin sa ba, a ba ni basillata. Darakta ya ce hakan ma ya fi. Na zauna ina ɗinki ina ba da labarin tun daga ranar da mutumin ya bar gida. Zafi ya ishe mu duka. Gumi na bin bayana, auduga na manne wa Dogo a gira. Da na kai gaɓar ruwa Darakta ya matso.

"Sai me, Baba?"

Na gaji, ƙuguna na ciwo, sun hana ni fanka. Na ce, "Ya nutse."

Darakta ya rufe ido ya girgiza kai, ya ce kai, wannan marubuci ba shi da tausayi. Suka naɗe kayansu suna murna.

Kwana biyu sai ga su. Wai mai walda ya ɓata musu ƙarshen, ƙararsa ta danne muryata, sai an sake. Tabarau ta je ta roƙi mai walda ya ba mu lokaci kaɗan, ya ce sai dai a sa shi a fim. Aka ɗauke shi yana dariya da baƙin gilashi, ya bar mu. Ranar kuwa da ƙarfin jiki na tashi, an kawo mini aikin katifa sukutum, kuma Tabarau ta zo mini da man shafawa na ƙugu. Da na kai gaɓar ruwa na ce ya yi iyo, matar ta jefa masa igiyar guga.

Dogo ya ɗago kai daga kyamara. "Baba, shekaranjiya ya nutse fa."

"Shekaranjiya ke nan."

Darakta ya nemi izini ya ɗauki littafin. Ya buɗe daga baya. Na ga ya tsaya, ya taɓa zaren ɗinkin, ya leƙa ko takarda ta manne. Ya yafito Tabarau suka fita waje. Sun tsaya daidai gindin taga, kuma fanka a kashe take.

Ya ce, "Ba ƙarshe a ciki. Mai Haya ya ce kakarki ce ke karanta masa, to ita ke ƙirƙira masa."

"Kaka? Wayyo Allah. Shi kuma duk shekarun nan yana zaton a littafi yake."

"Kada ki gaya masa. Mu nemo cikakke. In an karanta masa na gaskiya a gaban kyamara, fim ɗinmu ya samu ƙarshe."

Na ci gaba da ɗinkina. Da suka shigo suna ta yi mini sannu kamar marar lafiya, na bar su a haka. Wanda ya ɗauke ka wawa ya rage maka aikin bayani.

Suka ɗauke ƙafa har na fara zaton sun haƙura. Sai wata rana da hantsi Mai Haya ya lalubo bango ya zo. Ya zauna a kan buhun auduga ba a ba shi wuri ba.

"Sarkin basilla, an ce ka zama ɗan fim. Yaushe za a fara ganinka a jikin mota?"

"Ranar da ka fara gani."

"Allah ya shirye ka. Ni ma sun ɗauke ni. Sun zaunar da ni gaban kwali uku na littattafai, abin da gara ta rage. Wai in faɗi wanda na fi so. Na ce musu wanda aka fi dawowa da shi da bangonsa."

"Kai ka turo mini su."

"Ni ne. Yaron nan yana ba ni tausayi. Ya bi gari-gari yana neman littattafan da masu su ma suka manta. Inda ya je sai a ce an ƙona, ko an naɗe kaya da su." Ya gyara zama. "Sun samo naka fa. A wani tsohon ɗakin ajiya na masu buga littafi. Yana hanya."

Na soka basilla na ja zare.

Ya ce, "Ka ji abin kunya? Rayuwata duka cikin littattafai, ban taɓa kai ɗaya ƙarshe ba. Ina farawa mai haya zai zo ya karɓa. Wannan kuwa na fara shi, na kai gadar, na ga ba sauran. Har yau yana damuna. Ya haye ko bai haye ba?"

"Wani lokaci."

"Wane irin wani lokaci? Mutum ko ya haye ko bai haye ba. Ni dai ranar zan zo, ko da rarrafe. Kada ka yi mini halinka."

Da yamma Tabarau ta zo ita kaɗai. Ta share shagon ba a sa ta ba, ta tattara zare, ta zauna a bakin ƙofa. Ta fara da zancen ƙuguna, ta koma zancen babanta. Na bar ta ta gama kewaye.

"Baba Tsoho, akwai abin da nake so in gaya maka, amma an ce kada in faɗa."

"Cewa littafin ba shi da ƙarshe."

Ta cire tabarau ta dube ni.

Na ce, "Wa ya yi masa bango?"

"Kai."

"To wanda ya ɗinke littafi bai san inda takardarsa ta ƙare ba? Ni ba na karatu da sauri, ban ce ba na gani ba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma wani abu, ta goge ido da bakin mayafi. "Kuma ka bar ta tana yi?"

"Ita ma ta bar ni ina ji."

"To ai shi ke nan, ba abin da zai ba ka mamaki. Ka zauna kawai a karanta. Minti kaɗan ne. Darakta ya ce in ba wannan, fim ɗin tsofaffi ne kawai suna cewa da can ya fi yanzu. Ya gaji, Baba Tsoho. Ni ma na gaji. In fim ɗin bai fita ba gida zan koma in zauna."

Wannan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na san zamanta a gida, na ga yadda ta rame a lokacin.

Na ce, "Yanzu duk abin da kakarki ta faɗa gaskiya ne, don ba wanda ya isa ya ƙaryata. Ranar da takarda ta yi magana, ɗaya zai zama daidai, ko ma babu, sauran su zama tatsuniyar tsohuwa. Takarda ba ta sake magana. Abin da ta ce yau shi za ta ce gobe."

"Ai ba za ka manta nata ba."

"Kin taɓa jin abu kika mai da shi ba ki ji ba?"

Ta mai da tabaranta. Can ta ce, "In ce musu me?"

"Ce musu su zo. Ƙofa a buɗe take."

Ban ce na yarda ba. Ita ta ji abin da take so ta ji, ta tafi da sauri.

Akwai ƙarshe ɗaya da ban ba kowa ba. Lokacin ciwonta na ƙarshe ba ta iya zuwa shago, sai na kai aikina gida, ina ɗinki a bakin gadonta. Wata rana da rana tsaka ta ce in miƙo mata littafin. Hannunta ba ya iya ɗaga shi, sai ta kifa shi a ƙirji. Ba ta ma yi kamar tana dubawa ba. Ta taho da labarin a hankali har gaɓar ruwa. Ta ce, "Ya cire takalmansa, ya zauna. Ita ma ta zauna a can. Suna ganin juna."

Na jira. Na ce, "Sai me?"

Ta ce, "Shi ke nan. Ruwa ai janyewa yake yi. Kai dai ka cika gaggawa."

Ba ta sake karanta shi ba.

Ranar da aka sa, sun zo da wuri. Mai Haya ya riga su, ya sha wanka, har da turare, yana zaune kan buhunsa. Mai walda ya kashe injinsa da kansa ya leƙo ta taga. Dogo ya kafa fitilu, ya kashe fanka. Na sa rigar aiki tun daga gida don kada a sa ni cirewa.

Darakta ya fito da littafin daga jaka a naɗe cikin leda. Ya miƙo mini da hannu biyu. Sabo fil, sai dai takardar ta yi ja-ja. Ba maiƙo, ba lanƙwasa, ba inda yatsa ya taɓa. A bangon an zana jirgi da hayaƙi, da mutum riƙe da shebur. Ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar. Ba haka yake ba. Sun yi shi da ƙiba.

Darakta ya ce, "Baba, Tabarau ta gaya mini ka sani. Na yi kuskure da na zaci ba ka sani ba, ka yafe mini."

"Ba komai."

"Amma bari in faɗi abu ɗaya. Mutumin da ya rubuta wannan ya rasu ba wanda ya san shi. Na je gidansu, jikokinsa ba su san ya taɓa rubuta littafi ba. Tulin littattafansa na can ɗakin ajiya a ɗaure yadda aka buga su. A duk yawona kai kaɗai na samu da ke ɗauke da labarinsa a ka. Ya zauna ya rubuta ƙarshe, Baba. Shi ma yana da hakkin a ji shi, ko sau ɗaya."

Maganarsa da nauyi. Ni ma na san zafin ka gama aiki ba wanda ya kwanta a kai. Na juya littafin, na ji kaurin takardun bayan da nawa ba shi da su. Ba su da yawa. Na mayar masa.

Na ce, "Kai ka karanta?"

"Na karanta a mota."

"To an ji shi."

Mai Haya ya ce, "Ni ban ji ba! Ku fara mana, jama'a, gindina ya gaji da buhun nan."

Darakta ya ɗauki shiruna a matsayin izini. Ya ja katifar da na gama zuwa gindin taga, ya ce Tabarau ta zauna a kai. Ta zauna ta miƙe ƙafa. Ba wanda ya koya mata, jini ne. Ya ce ta fara daga shafin da mutumin ya hango garinsu, ni kuma in riƙa ɗinki kamar yadda na saba. Dogo ya ɗaga yatsa.

Ta fara. Tana jan ƙarshen magana kamar kakarta, tana lasar yatsa kafin ta juya shafi. Mutumin ya sauko daga jirgi. Ya bi hanyar kasuwa, ya ji mutane na zancen ambaliya. Ina jan zare, bakina na bin kalmomin kafin ta kai su. Ya iso gaɓa. Ya hango gadar ta karye a tsakiya. Ya hango mace a tsaye a can, ta dafa goshi tana kallo.

Tabarau ta ce, "Ya cire takalmansa, ya"

Na ɗora hannuna a kan shafin.

Tabarau ta ɗago kai. Ina jin numfashin Dogo.

Darakta ya ce a hankali, "Baba, layi kaɗan ne ya rage a shafin. Sauran ba yawa."

"Na sani. Na auna."

Mai Haya ya buga sandarsa a ƙasa. "Na faɗa! Na ce zai yi halinsa. Kai wane irin mutum ne? An kawo ruwa bakinka ka rufe baki, ka kuma hana na kusa da kai sha."

"Ban hana ka ba. Ga inuwa can a ƙofar shagon da ya rufe. Tabarau, ɗauki kakanki makaho ki kai shi can ki karanta masa. Ku ɗauke shi a fim, ya fi ni iya kuka. Mai walda, in sun fara ka tada injinka."

Mai walda ya ce, "Da ƙarfi ko a hankali, Baba?"

"Da ƙarfi."

Tabarau ba ta tashi ba. Ta riƙe hannuna da ke kan littafin. "Baba Tsoho, don Allah. Saboda ni."

Na dube ta. Gumi ya sa tabaranta na zamewa, idonta ya cika. Na so a ce wani abu ta roƙa, ko shagon ne, ko basillar. Na zare hannuna, na rufe littafin, na sa mata a cinya. Na miƙe da ƙyar, ƙuguna na ƙara, na cire ɗan abin da suka manna mini a wuya na ajiye a kan kujera. Na je na kunna fanka.

Darakta ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Bai yi fushi ba, gajiya ce kawai. Ya ce, "Baba, ko ba kyamara? Mu kashe komai, mu fita, ita kaɗai ta karanta maka."

Na koma wurina na ɗauki basilla.

Na ce, "Ba zan ji ba."